Gasa ta kusa, kafaɗa na ciwo, uwargida ta yi shiru

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne ɗan shekara 36, ma'aikacin ofis, ina da mata da yara biyu, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba. Shekara 3 ke nan da na shiga atisayen CrossFit, wato motsa jiki mai zafi da ke haɗa ɗaga ƙarfe, gudu da hawa sanda, kuma ba zan ɓoye ba, ya gyara mini rayuwa. Teɓa ta tafi, hawan jinin da aka fara yi mini gargaɗi a kansa ya daidaita, na samu abokai. Bara na shiga Open, gasar CrossFit ta shekara-shekara da kowa ke iya shiga, karo na farko, na ƙare a tsakiyar jeri. Bana na ƙudura sai na tsallake zuwa mataki na gaba a rukunin shekaruna, don haka na koma atisaye kwana 6 a mako, wasu ranakun safe da yamma. Yanzu saura mako 6 a fara. Kafaɗata ta dama ta fi wata guda tana ciwo duk sanda na ɗaga ƙarfe sama da kai ko na yi lilo a sanda, har takan tashe ni da dare in na kwanta a kanta. Magani nake sha kafin in shiga atisaye. Kocinmu ya ce bana in yi rukunin sassauci, inda ake rage nauyi da wahalar motsi, ni kuwa ji na yi kamar ya raina ni. Abokina da muka fara tare, wanda yanzu ya wuce ni, cewa yake wanda ya sassauta bai yi gasa ba. A gida kuma uwargida ta daina magana a kan lamarin, kuma shirun nata ya fi faɗan da take yi a da tayar mini da hankali. Maganarta ta ƙarshe ita ce, ita da yara sun zama ragowar lokacina. A ofis ma shugabana ya tarar ina gyangyaɗi. Ba na son in bari, domin wannan ne kaɗai abin da nake yi don kaina. Shin son kai nake yi? In janye ne, ko in daure a yi ta ta ƙare, kowa ya yi haƙuri?

Wani mai karatu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba ka lafiya, ya raya yara.

Bari in fara sauke maka nauyin tambayar farko. Ba son kai ba ne magidanci ya samu abin da yake yi don kansa, balle abin da ya sauko masa da hawan jini ya kuma sama masa abokan arziki. Iyalinka ma suna cin ribar lafiyarka. Wanda duk ya taɓa tsayawa a gaban agogo yana ƙirga sakannin farawa, abokai na ihu, zuciya na dukan uku-uku, ya san cewa wannan daɗin ba shirme ba ne. Don haka ba zan ce maka ka bar wasan yara ka girma ba. Inda nake da ja shi ne yadda ka shimfiɗa tambaya ta biyu, kamar ƙofa biyu ce tak: ko ka janye, ko kowa ya yi haƙuri. Ita kakar gasa abu ce mai farko da ƙarshe. Taka kuwa, yadda na karanta wasiƙarka, ta fara tun ranar da ka ga matsayinka na bara, kuma babu wanda ya san ranar ƙarewarta, har kai kanka. A nan gizo ke saƙa. Kafaɗa, uwargida da shugaban ofis duk abu ɗaya suke faɗa maka da harshe daban-daban: babu iyaka.

Kafaɗa za mu fara da ita, don ita ce ba ta jira. Akwai ciwon jiki na bayan atisaye, wanda kan taso washegari, ya tsananta kwana na biyu, ya lafa da kansa cikin 'yan kwanaki. Wannan duk mai motsa jiki ya san shi. Abin da ka kwatanta ba shi ba ne. Ciwo a wuri ɗaya, gefe ɗaya, ya haura wata, yana tashi da motsi iri ɗaya, yana kuma hana ka barci, irinsa ne ake kai wa likita. Gaɓar kafaɗa ita ce ta fi kowace gaɓa a jiki sakewa, kuma kwanciyarta ta dogara ne ƙwarai da wasu tsokoki 4 da jijiyoyinsu da ke riƙe kan ƙashin dantse a gurbinsa. Lilo a sanda, turo jiki a tsaye da hannu kai a ƙasa, da fizgo ƙarfe daga ƙasa zuwa sama da kai, duk a kan waɗannan jijiyoyi suke sauke nauyi, musamman idan gajiya ta lalata tsayuwar jiki. Ita kuma jijiya ba ta saurin sabawa da ƙarin aiki kamar tsoka. Mutum yakan ji ƙarfinsa ya ƙaru cikin makonni, alhali jijiyarsa tana can baya. Ka ninka atisayenka, ga sakamakon.

Ni ba zan iya gano ciwonka daga wasiƙa ba, koci ma ba aikinsa ba ne, abokinka balle. A cikin makon nan ka ga likitan ƙashi ko likitan fisiyo, in da hali wanda ya saba duba 'yan wasa. Kada ka je da tambayar nan ta "zan iya gasa?" kawai, domin amsar da ta fi sauƙi a bakinsa ita ce ka huta, kai kuma ka fito ka yi kunnen uwar shegu da ita. Ka nuna masa bidiyon motsin da kake yi, ka tambaye shi ɗaya bayan ɗaya: wanne zan ci gaba da shi, wanne zan rage wa nauyi, wanne zan ajiye gaba ɗaya, kuma wace alama ce in na gani in tsaya nan take. Ciwon kafaɗa da yawa yana sauƙi da gyaran nauyin atisaye da ƙarfafa tsokokin da ke kewaye, ba tare da an kai ga wuƙa ba, kuma mako 6 ba ƙaramin lokaci ba ne in an fara yau. Amma in hannun ya fara rasa ƙarfi, ko ka kasa ɗaga shi, ko ka ji dindiris yana sauka zuwa yatsu, wannan ba na jiran ƙarshen mako ba ne.

Maganin da kake haɗiya kafin atisaye kuwa, ka daina daga yau, sai in likita ne ya rubuta maka. Ba warkar da kai yake yi ba, toshe maka kunne yake daga abin da gaɓar ke faɗa, sai ka ƙara mata aikin da da ba za ka iya ba. Ga kuma wani haɗari da 'yan gasa ba su cika lura da shi ba. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna takura ƙoda idan jiki ya zubar da ruwa, sukan kuma ɗaga hawan jini, kai kuwa ka ce an taɓa yi maka gargaɗi a kansa. Sannan akwai narkewar tsoka, wadda masu wannan atisaye ke kira rabdo: tsoka ta sha wuyar da ta wuce kima, ta farfashe, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini ya je ya dami ƙoda. Alamarta ciwo mai tsanani fiye da na kullum, kumburi, kasa miƙe hannu, da fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi. Ba ta da yawa, amma mai yawan maimaita motsi ɗaya cikin gajiya da ƙarancin barci shi ne abincinta. Wanda ya ga wannan, asibiti zai nufa a ranar.

Yanzu mu zo ga burinka, mu auna shi da ma'aunin gaskiya. An fara gasar Open ne a 2011, shekara 4 bayan karon farko na wasannin ƙarshe, wato babbar gasar fitar da zakaran CrossFit, da aka yi a Kalifoniya a 2007. A da yawanci mako 5 ake yi, daga 2021 aka mayar da ita mako 3. Ranar Alhamis a sanar da aikin mako, zuwa Litinin kowa ya shigar da makinsa, ko dai alƙali ya tsaya a kansa a gidan atisaye mai rajista, ko ya ɗauki bidiyo. Ɗaruruwan dubban mutane ke shiga daga ko'ina a duniya, kuma mafi yawansu a nan kakarsu take farawa ta ƙare. Abin da ake kira mataki na gaba kuwa, ba ya zama wuri ɗaya. A 2021 kashi 10 cikin 100 na sama ne ke tsallakewa, a 2024 aka faɗaɗa zuwa kashi 25, a 2025 kuma aka sauya fasalin gaba ɗaya. Don haka kafin ka sake ɗaga ƙarfe da sunan wannan buri, ka buɗe kundin dokokin bana ka karanta da idonka: kashi nawa ake ɗauka a rukunin 35 zuwa 39, kuma me ke jiran wanda ya tsallake. Mutane da dama na kashe kansu a kan ƙa'idar da aka daina aiki da ita.

Ka kuma duba tazarar. Daga tsakiyar jeri zuwa kashi 25 na sama tafiya ce da mai son wasa kan iya yi, amma yawanci ba gajiya ce ke kai shi ba. Abin da ke raba mutane a wannan yanki na jeri shi ne ƙwarewa: tsallen igiya mai zagaye biyu ba tare da harɗewa ba, hayewa saman sanda ko zobe, sanin yadda za ka raba numfashi kada ka ƙone a mintuna 3 na farko. Waɗannan ana koyonsu ne da jiki mai hutu, minti 15 a farkon atisaye. Rukuninka ma ba na wasa ba ne, domin a cikinsa ake samun waɗanda suka shekara 10 a harkar suka shigo da ƙarfinsu. Ban faɗi haka don in kashe maka gwiwa ba. Na faɗa ne don ka ga cewa mako 6 da suka rage ba su isa su sauya maka jiki ba, amma sun isa su ƙarasa maka kafaɗa. Ƙarfin da za ka shiga gasa da shi ka riga ka tara shi. Aikin da ya rage shi ne ka isa ranar farko da lafiya.

Kocinka fa? Ka sake tunani a kansa. Mutumin da kuɗinsa da sunan gidansa ke ƙaruwa idan ɗalibansa suka haska a allon maki, shi ne ya ce ka sassauta. Da raini ne, da ya bar ka ka yi abin da ka ga dama. Shi yana ganin abin da kai ba ka gani, yadda kafaɗarka ke karkacewa a ɗagawa ta goma, yadda kake yamutsa fuska ka wayance. Sai dai shi ma, in har "ka yi sassauci" kawai ya ce ya juya, bai gama aikinsa ba. Ka nemi minti 20 nasa a wajen lokacin aji, ka faɗa masa burinka ƙarara, ka kai masa abin da likita ya ce, ku zauna ku tsara. Akwai abin da ƙila ba ka lura da shi ba: ba dole ne ka ɗaure kanka da rukuni ɗaya tun daga farko ba. Kowane mako, bayan an sanar da aikin, kana iya zaɓar cikakken nauyi, wanda suke rubutawa Rx, ko na sassauci. A 2012 aikin makon farko bai wuce minti 7 na faɗi-tashin nan da ake kira bapi ba, babu ƙarfe ko ɗaya. Wani makon kuma sai a cika shi da ɗagawa sama da kai. To me zai sa ka yanke hukunci a kan aikin da ba a sanar ba tukuna? Abin da za ka yanke yanzu shi ne ƙa'idar zaɓen, kuma ka yanke ta tare da koci tun kana cikin hayyacinka: duk motsin da likita ya hana, ba za a yi shi ba ko da allon maki zai ƙone.

Ba zan yaudare ka ba, wannan yana da farashi. A allon gasar ana jera makin sassauci ne ƙasa da na cikakken nauyi, don haka mako ɗaya na sassauci na iya rufe maka ƙofar tsallakewa bana. Ka san da haka tun yanzu, ka haɗiye shi tun yanzu, kada ya zo maka a matsayin sabon labari ranar Alhamis da dare.

Shi kuwa abokinka, ba na zaton mugunta yake nufi. Irin maganar da ake yi ce a gefen fili, rabi zolaya rabi tunzurawa, kuma na tabbata gasar da ke tsakaninku ta taimaka wa kowannenku a baya. Amma ba shi zai kwana da kafaɗarka ba. Ka tambayi kanka a ɓoye: da shi ma a tsakiyar jeri ya tsaya bara, da ka koma atisaye sau biyu a rana? In amsar a'a ce, to wani ɓangare na burin nan ba mataki na gaba ba ne, abokinka ne. Babu abin kunya a ciki, sai dai ya kamata ka san wanda kake bi. Ka ce masa kafaɗa ta samu matsala, likita ya sa maka iyaka, kana so ya zama alƙalinka ranar gasa. Abokin kirki zai karɓa. In ya ci gaba da gugar zana bayan haka, ka rage jin maganarsa.

Sai babbar magana, wadda ka ajiye kusan ƙarshen wasiƙarka alhali ita ta fi cancantar farko. Ka yi gaskiya da shirun uwargida ya fi faɗanta tayar maka da hankali. Mai faɗa tana sa ran za a ji. Wadda ta yi shiru ta fara lissafin yadda za ta tafiyar da gida ba tare da ta sa ka a lissafi ba. Ka duba kuma kalmar da ta zaɓa. Ba ta ce ka bar atisaye ba, ba ta ce wasan banza ne ba. Cewa ta yi su ne ragowa, wato sai ka gama rabon lokacinka da ƙarfinka, abin da ya saura a ƙasan tukunya shi ne nasu. Kuma ka yi lissafin da kyau, ba awa ɗaya ta aji ba ce kaɗai. Akwai tafiya da dawowa, akwai hira bayan aji, akwai dawowa a gajiye ka zube, akwai zama a falo jikinka na nan hankalinka na kan waya kana kallon yadda gwanaye ke hawa zobe. Duk awar da ka ƙara, rance ce ka ɗauka daga wajenta, ita mai goyo, mai tashin dare, kuma ba ka tambaye ta ba kafin ka ɗauka, ba ka kuma faɗi ranar biya ba.

Don haka maganar "kowa ya yi haƙuri" ba taka ba ce ka yanke. Haƙurin nata ne, ita za a roƙa. Ka zaɓi lokacin da yara suka yi barci, waya na wani ɗaki, kada ka fara da kare kanka ko lissafa mata amfanin motsa jiki, ta san shi. Ka fara da amincewa cewa ka ƙara wa kanka atisaye ba tare da shawararta ba, kuma ita ta ɗauki nauyin. Sannan ka tambaye ta wane lokaci ne rashinka ya fi yi mata ciwo. Za ka iya mamakin amsar. Ƙila ba yawan kwanakin ba ne, ƙila awa ɗaya ce ta yamma lokacin wanka da kwantar da yara, ko safiyar ranar hutu. Ka saurara har ta gama, ko da ta haɗo da abubuwan bara da bara waccan. Kada ka katse ta don gyara mata lissafin kwanaki.

Bayan nan sai ka kawo tayinka, kuma ya zama tayi ne mai ranaku, ba alkawarin "zan rage" ba. Ga kalanda, ga ranar farawa, ga Litinin ɗin ƙarshe. Daga yanzu zuwa lokacin, kwana 4 a mako, sau ɗaya a rana, a lokutan da ita ta yarda sun fi sauƙi. Rana guda cikakkiya ba atisaye, ba allon maki, ba bidiyon gasa. Kuma ita ma a ware mata nata lokacin a kowane mako, kai ka riƙe yara ita ta yi abin da ranta ke so, ko da barci ne. Ka ce wannan ne kaɗai abin da kake yi don kanka. To ita mene ne nata? In ba ka san amsar ba, ka tambaya a wannan zaman. Kada kuma ka tsallake batun mataki na gaba: ka gaya mata tun yanzu cewa in ka tsallake akwai ƙarin kwanaki, kuma ba za ka shiga ba sai kun sake zama. In ta ce a'a ga wani ɓangare na tayin, wannan ciniki ne, ka karɓe shi a haka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In kuma ta ce ita bana sam ba za ta iya ba, saboda goyo da gajiya, to ka ɗauki maganar da nauyinta. Gasar tana dawowa kowace shekara, ƙuruciyar 'yarka ba ta dawowa, kuma amanar da ta fara tsagewa ta fi jijiya jinkirin warkewa.

Wani zai ba ka shawarar ka gayyace ta kallon gasa don ta ga abin da ke burge ka. Ba laifi, amma bayan an daidaita, kuma in ita ta nuna sha'awa. In ka yi shi yanzu, zai zama kamar ka ƙara mata aikin tafa maka.

Na san rage kwanaki zai yi maka kamar ja da baya. Ba haka ba ne. Atisaye ba ya ƙara ƙarfi a lokacin da ake yin sa, a lokacin hutu ne jiki ke gina abin da aka nema daga gare shi. Gwanayen da kake gani suna atisaye sau biyu ko uku a rana, wannan ce sana'arsu, tsakanin atisaye da atisaye ci ne da barci da masu duba musu jiki. Kai tsakanin naka akwai ofis da jaririya. Ka kwafi aikinsu ba ka kwafi hutunsu ba. Babban mutum na buƙatar barcin awa 7 ko fiye, kuma gyangyaɗin ofis shaida ce cewa ba ka samu. Ka ɗauki wannan da muhimmanci, domin albashin nan shi ke riƙe da gida da kuɗin gidan atisayen kansa. Ba sai ka yi wa shugabanka dogon bayani ba, ka dai tabbata bai sake gani ba. Game da tsarin makonnin, abin da masu horar da 'yan wasa suka saba yi gab da gasa shi ne su rage yawan aiki da kusan rabi a mako 1 zuwa 2 na ƙarshe, su bar zafinsa yadda yake. Kai kuma ga ƙafafu da huhu lafiya lau: keke, gudu, tsuguno da nauyi, duk hanyoyi ne na riƙe ƙarfinka yayin da kafaɗa ke samun sarari, gwargwadon abin da likita ya amince.

Idan gasar ta fara, akwai tarko guda da ke kama masu irin zuciyarka. Tunda daga Alhamis zuwa Litinin ne, ana iya maimaita aikin don ƙara maki, sai ka ga mutum ya yi Juma'a, ya leƙa allo ya ga abokinsa ya ɗara shi da 4, ya sake Lahadi, ya sake Litinin. Da haka mako 3 ke zama gasa 9. Ka sa wa kanka doka: sau ɗaya, a ranar da kuka amince da ita a gida. Maimaici sai in kuskuren dabara ne ƙarara, koci ya yarda, kafaɗa ba ta ce komai ba, kuma bai ci lokacin iyali ba. Allon maki kuma ka duba shi bayan an rufe shigar da sakamako, domin kafin nan matsayinka zai yi ta zamewa ƙasa yayin da sauran duniya ke shigar da nasu, ba abin da za ka samu sai ɓacin rai. Abin da ya fi amfani shi ne ka kwatanta kason da ka faɗa a ciki bana da na bara, ka rubuta motsin da ya tsayar da kai, shi zai zama aikin shekara mai zuwa.

To in likita ya ce kafaɗar nan ba ta gasa bana fa? Zai yi zafi, ba zan ce ba zai yi ba. Amma kaka ɗaya ba ta ƙare ɗan wasa. Tia-Clair Toomey 'yar Ostireliya ta lashe wasannin ƙarshe sau 6 a jere daga 2017 zuwa 2022, ta bar kakar 2023 ta wuce saboda haihuwa, ta dawo ta sake lashewa a 2024. Kai kuma kana farkon rukuninka ne, da sauran shekaru kafin ka kai 40, inda wani rukunin ke jiranka. Kana iya zama alƙali a gidanku, ka ƙirga wa abokai, ka ga dabaru da kurakuran da mai haki ba ya gani. Kana iya ɗaga burinka zuwa wata gasa a ƙarshen shekara, ta mutum biyu ko ta ƙungiya, inda ake raba aiki. Gasar Hyrox, wadda aka fara a Jamus a 2017, gudun kilomita 1 ne sau 8 da tasha 8 a tsakani, kuma tana da rukunin mutum 4 inda kowa ke ɗaukar tasha 2. Ita ma akwai tashoshin da ke cin kafaɗa, kamar jifan ƙwallo mai nauyi sama, amma a ƙungiya kana iya barin su ga wani. Duk wadda ka zaɓa, ta bi ta hanyar da wannan za ta bi: likita, koci, sannan zama da uwargida kafin rajista.

Abu na ƙarshe da zan roƙe ka ka sa a kalandar shi ne abin da zai biyo bayan Litinin ɗin ƙarshe. Mako 2 na sauƙi, atisaye kaɗan, ba sabon buri, ba rajistar wata gasa ko da abokai sun matsa. A nan ne yawanci alkawari ke karyewa, domin mutum na fitowa daga gasa da zafin "baɗi sai na rama", washegari ya koma fili. Uwargida za ta zuba ido a kan waɗannan makonni fiye da duk abin da ka faɗa a zaman farko. Ka bar ta ta tsara yadda za a yi su. Kuma in ka ga likita, ka rubuto mana abin da ya ce, mu duba tsarin tare.